Sinanci a Kano: Ciniki ya yi nisa, aji bai biyo shi ba

Wanda ya ratsa Kantin Kwari da hantsi, lokacin da 'yan dako ke sauke diloli daga manyan motoci, ba sai an gaya masa daga inda kayan suka fito ba. Rubutun da ke jikin buhun ya isa. Haka abin yake a Farm Centre da titin Beirut wajen 'yan waya, haka a Ƙofar Wambai wajen 'yan takalma da robobi, haka a Sabon Gari wajen masu sola da kayan lantarki. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da ke hannun jama'a duk kamfani ɗaya ne ke yin su, wato Transsion, mai hedikwata a Shenzhen. A Dawanau kuma abin ya juya, can 'yan Sin ne ko wakilansu ke zuwa neman riɗi.

A bakin Bahaushen da, birnin Sin shi ne ƙarshen nisa. Yau ɗan kasuwar Kano yana hawa jirgi a filin Malam Aminu Kano, ya sauya a Addis Ababa ko Alƙahira, washegari ya kwana a Guangzhou. Akwai waɗanda sun fi shekara ashirin suna wannan zirga-zirga, sun san unguwar Xiaobei kamar yadda suka san Fagge, sun san gidan abincin da ake samun halal, sun san masallacin da ake Juma'a. Amma a tambaye su abin da suka iya na yaren Chaina, kamar yadda ake kiransa a kasuwa. Yawanci gaisuwa ce, da "nawa ne", da "ya yi tsada". Sauran aikin na kalkuleta ne.

Kalkuleta ta yi rana, kuma har yanzu tana yi. Mai shago ya buga farashi, mai saye ya share ya buga nasa, a yi ta ja har a daidaita. Sai dai kalkuleta ba ta san nauyin zare ba, ba ta san launin da aka yi alkawari ba, ba ta san ranar da kaya za su bar masana'anta ba. Ranar da kwantena ta iso Kano aka buɗe aka ga ba abin da aka biya ba ne, ba za ta iya ba da shaida ba. A wannan gurbi ne tafinta da dillali suka zauna. Cikinsu akwai mutanen kirki, 'yan gida da suka yi karatu a can suka tsaya, waɗanda suka riƙe amanar dukiyar mutane shekara da shekaru ba a ji kansu da kowa ba. Amma tsarin kansa yana da ɓaraka. Mutumin da ke fassara wa ɗan kasuwa farashi, sau da yawa shi ne ke karɓar la'ada a hannun mai sayarwa, kuma ɗan kasuwar yana tsaye a gabansu bai san abin da suka faɗa wa juna ba.

Kalmomi kaɗan sun isa su nuna girman abin. A Sinanci "saya" mǎi ne, "sayar" kuma mài. Baƙi da wasali iri ɗaya ne, karin sauti kaɗai ya raba su. Huɗu sì ne, goma shí, don haka sha huɗu shísì ne, arba'in kuma sìshí, kuma mutanen kudancin ƙasar da yawa ba sa bambanta s da sh a furucinsu, sai mai sauraro ya dogara da karin sautin. Manyan lambobi ba da dubu suke ƙirga su ba, da wàn ne, wato dubu goma. Dubu ɗari a wurinsu wàn goma ne, miliyan ɗaya wàn ɗari. Idan mai shago ya ce jīn, rabin kilo yake nufi, kilo cikakke gōngjīn ne. Rangwame ma a juye suke faɗarsa: bā zhé, wanda a zahiri ke da kalmar takwas a ciki, yana nufin a biya kashi 80 cikin ɗari na farashi. Kayan yuan 100 sun koma yuan 80 ke nan. Wanda bai sani ba zai iya ɗauka kashi takwas aka rage masa, ko ma kashi tamanin.

Wanda ya fi waɗannan duka tsada shi ne kuɗin kafin alƙalami. Akwai kalmomi biyu da ake furtawa daidai wa daida, dìngjīn, amma harafin farko ya bambanta a rubuce. Idan aka rubuta 定金, dokar farar hula ta ƙasar Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021, ta ɗauke shi a matsayin jingina: mai saye ya fasa, kuɗinsa sun tafi, mai sayarwa ya saɓa, zai mayar da ninki biyu, kuma ba a yarda ya wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin cinikin ba. Idan aka rubuta 订金, ana ɗaukarsa a matsayin somin biya ne kawai, ba shi da waccan kariya ta ninki biyu. Kunne ba zai taɓa raba su ba, sai ido. Ɗan kasuwar da ya ajiye miliyoyin naira a kan takardar da bai iya gane harafi ɗaya a cikinta ba, bai san wanne ya sa wa hannu ba. Haka nan da yawa ba su san cewa a can jan hatimin kamfani ne ke ɗaure kamfani, fiye da sa hannun wanda suka yi ciniki da shi, kuma sunan kamfanin da hukuma ta sani shi ne wanda aka rubuta da haruffan Sinanci, ba na Turancin da ke kan katin kasuwanci ba.

Ba 'yan kasuwa kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin CCECC ne ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, shi ne kuma ke aikin na Kaduna zuwa Kano. Akwai masana'antun 'yan Sin a unguwannin masana'antu na Kano, akwai su a wuraren haƙar ma'adinai a jihohin Arewa da dama. Duk inda injiniyan da ba ya jin Turanci sosai ya haɗu da leburan da ba ya jin komai sai Hausa, dole a sami na uku a tsakani. Wannan na ukun shi ke isar da umarnin aiki, shi ke faɗin yadda ake kunna inji da yadda ake kashe shi, shi ke kai ƙorafin albashi. Aiki ne mai daraja, kuma a garin da matasa masu digiri da difiloma ke yawo da takardu a hannu, abin takaici ne a ce sai an ɗauko mai yin sa daga wani wuri.

Ina ajin yake?

Mai neman Larabci a Kano ba ya tambaya, kowace unguwa da Islamiyya, ga kuma sashen Larabci a jami'a. Mai neman Faransanci ya san akwai Alliance Française. Gwamnatin tarayya ma ta daɗe da kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala ta jihar Borno. Mai neman Sinanci kuwa sai ya shiga cigiya. Wani ya tura masa lambar wani a WhatsApp, ya ga wata sanarwa a Facebook ko TikTok mai alkawarin ya iya yaren cikin wata uku, ko a haɗa shi da wani ɗalibi da ya dawo daga karatu, wanda zai fara koyar da shi da zuciya ɗaya, sai bayan wata biyu ya sami aikin tafinta a wani kamfani ya tafi, lesin ya mutu.

Wuraren da aka san su da wannan aiki a Najeriya suna da nisa. Cibiyoyin Confucius biyu da suka fi daɗewa, waɗanda gwamnatin Sin ke tallafa wa don koyar da harshenta, ɗaya tana Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka, tare da haɗin gwiwar Jami'ar Xiamen, ɗayar tana Jami'ar Legas. Jami'o'in biyu har digiri suke bayarwa a nazarin Sinanci. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita dubu ne. Mafi kusa ita ce Cibiyar Al'adun Sin da ke Abuja, wadda ke buɗe azuzuwa, amma ita ma tafiyar sama da kilomita 400 ce. Mai shago a Kwari ba zai rufe shago ya tare a Abuja don darasi ba. Sakamakon a bayyane yake: yankin da aka kai wa aji shi ne ke fitar da masu takardar shaida, kuma su ake ɗauka idan aiki ya samu, ko da aikin a Arewa yake.

Maƙwabta sun nuna cewa nisa daga teku ba hujja ba ce. A Marwa, can ƙuryar arewacin Kamaru, babbar makarantar horar da malamai ta jami'ar garin ta daɗe tana yaye malaman Sinanci da ake turawa makarantun sakandare. Marwa ba ta kai Kano yawan jama'a ba, ba ta kai ta ciniki da ƙasar Sin ba.

Abin da ya fi ban kunya shi ne su sun riga sun yi nasu ɓangaren tun tuni. Gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekara takwas kafin ma ƙasashen biyu su ƙulla hulɗar jakadanci a 1971. Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Beijing tana koyar da Hausa. Mai sauraron rediyo a Arewa ya saba jin Basine ko Basiniya suna karanta labarai da Hausa, har da sunayen Hausawa da suka laƙaba wa kansu. Ba don sha'awar tuwo suka yi haka ba. Sun lissafa cewa wanda ya ji harshen abokin cinikinsa yana gabansa da taki ɗaya.

Intanet ta rage wani abu daga cikin matsalar. Akwai manhajoji irin su HelloChinese da Duolingo, akwai ƙamus na Pleco wanda duk mai koyo da gaske yake da shi a waya, akwai shafuka irin italki da Preply da ake ɗaukar malami a biya shi kuɗin awa. Amma kusan dukkansu ta Turanci suke koyarwa, kuma a nan gizo ke saƙar. Babban ɗan kasuwar da ya fi kowa buƙatar harshen, sau da yawa karatun allo da na littattafai ya yi, Larabcinsa ya fi Turancinsa nesa ba kusa ba. A ce ya bi ta Turanci ya kai ga Sinanci, an ɗora masa kaya biyu ke nan. Ga biyan kuɗi da dala, ga data, ga bambancin lokaci: ƙasar Sin tana gaban Najeriya da awa bakwai, don haka ƙarfe takwas na dare, lokacin da ɗan kasuwa ya idar da sallar isha'i ya sami sukuni, ƙarfe uku na dare ne a Beijing.

Yadda ake gane malami

Tunda a yanzu yawancin masu nema a hannun malaman lesin za su faɗa, ya kamata su san abin da za su tambaya kafin su biya.

Tambayar farko ita ce wane Sinanci. Wanda ake koyarwa a makarantu, ake labarai da shi, ake rubuta takardun hukuma da shi, shi ne Mandarin, wanda su ke kira Putonghua. Mutanen Guangzhou na asali harshen Kanton suke yi a tsakaninsu, kuma wanda ya iya ɗaya ba ya jin ɗayan, duk da cewa rubutun kusan ɗaya ne. Wannan kan rikita masu zuwa Guangzhou, su ɗauka harshen garin ya kamata su koya. Mandarin ne ya fi masu amfani, domin masu shaguna da masu masana'antu a Guangzhou da Shenzhen da yawa baƙi ne daga wasu larduna, kuma da shi ake ciniki a Yiwu da ke lardin Zhejiang, inda babbar kasuwar ƙananan kaya take. Rubutu ma iri biyu ne: sauƙaƙaƙƙen da ake amfani da shi a babban yankin ƙasar, da na gargajiya da ake yi a Taiwan da Hong Kong. Ɗan kasuwar Kano na farkon yake buƙata.

Sai takardar shaida. Jarrabawar da duniya ta sani ita ce HSK. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi tana da mataki shida: na ɗaya kalmomi 150, na biyu 300, na uku 600, na huɗu 1,200, na biyar 2,500, na shida 5,000. A 2021 hukumomin ilimin Sin sun fitar da sabon ma'auni mai mataki tara. A mataki na ɗaya da na biyu ana rubuta furucin kalma da haruffan boko a saman harafin Sinanci, daga na uku ake cire wannan sanda. Wanda ya tsaya a na biyu ɗalibi ne, komai zaƙin bakinsa. Wanda zai karɓi kuɗin mutane ya koyar da su, bai kamata ya gaza na huɗu ba, kuma na biyar ya fi kwanciyar hankali. Akwai kuma HSKK, jarrabawar baka, wadda ita ce ke nuna ko mutum yana iya magana. Zaman shekara biyar a ƙasar Sin shi kaɗai ba shaida ba ne, domin ɗalibai da yawa da Turanci aka koyar da su likitanci ko injiniyanci, Sinancinsu na kasuwa da tasi ne. Neman ganin takarda ba rashin kunya ba ne. Wanda ke da ita zai ji daɗin nunawa.

Akwai gwaji mai sauƙi da ko wanda bai san komai ba zai iya yi. A roƙi malamin ya kira wani Basine a WeChat su yi hira ta minti biyar a gaban ɗalibai, ba tare da sun koma Turanci ba. A ba shi rasit ko takardar kaya ta gaske daga shago ya karanta ya fassara. Wanda ya yi ta kame-kame a nan, an gama gane shi.

Daga nan sai a lura da yadda yake fara darasi. Malamin da ya tsallake karin sauti a makon farko, ya ce za a gyara daga baya, ya cuci ɗalibinsa, domin abin da baki ya saba da shi a karkace da wuya ya miƙe. Mandarin yana da karin sauti huɗu da wani mara nauyi: mā uwa ce, má wata tsiro ce mai zare, mǎ doki ne, mà zagi. Wannan shi ne abin da ke karya Bature, kuma a nan Bahaushe yake da rabo da bai san yana da shi ba. Hausa ma harshe ne mai karin sauti. Wuya ta jiki da wuya ta wahala, kukan yaro da kukar miya, ba abin da ya raba su a baki sai hawa da saukar murya, kuma ƙaramin yaro ba ya rikita su. Rubutun boko ne kawai ba ya nuna bambancin, shi ya sa mutane ba sa lura. Malamin da ya fara da waɗannan misalai, ɗalibansa za su gane cikin minti goma abin da littafin Turanci ke ɓata shafi biyar yana bayani. Nahawun ma yana da sassauci ta wasu fuskoki: aikatau ba ya canza siffa, kuma a magana "shi" da "ita" duk tā ne.

Tarkon da ke jiran Bahaushe yana cikin pinyin, tsarin rubuta furucin Sinanci da haruffan boko da aka amince da shi a 1958. Harafin c a pinyin ba c na "ciniki" ba ne, ya fi kusa da t da s a haɗe tare da fitar iska. Wanda ya fi kama da c na Hausa shi ne q, x kuma ya fi kusa da sh. Mai karanta pinyin da idon Hausa zai yi ta faɗin abin da ba wanda zai gane. Wannan ma dalili ne da ya sa ake buƙatar malamin da ya san harsunan biyu, ba wanda ya haddace littafi kawai ba.

Game da masu alkawarin wata uku, lissafi ɗaya ya isa. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sa Mandarin cikin rukunin harsuna mafiya wuya ga mai jin Turanci, inda ta ƙiyasta awa 2,200 na aji kafin mutum ya iya aiki da shi sosai. Ba kowa ke buƙatar kaiwa can ba. Ɗan kasuwa yana buƙatar lambobi, da awo, da launi, da kwanan wata, da haruffa ɗari biyu ko uku da ke yawan fitowa a takardun kaya. Matashin da ke son zama tafinta ko neman tallafin karatu a can, shi ne zai yi doguwar tafiyar. Malamin da ya zuba su biyun a aji ɗaya da littafi ɗaya, ɗaya zai gaji ya gudu, ɗayan ya tsaya cik.

Masu cewa ba a buƙata

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne tunda waya tana fassara. Gaskiya ne WeChat yana fassara saƙo, kuma da kyamarar waya ana iya karanta shafin 1688, kasuwar sari ta intanet ta cikin gida wadda gaba ɗayanta da Sinanci take. Wannan ya taimaki matasa da yawa, har da mata masu saro kaya daga ɗakunansu. Amma fassarar na'ura ta fi ƙarfi tsakanin Sinanci da Turanci, idan aka zo Hausa sai ta fara tangaɗi. Kuma waɗancan kalmomi biyu na kafin alƙalami, na'ura tana iya fassara su da kalma ɗaya. Waya ba ta jin abin da mai masana'anta ya juya ya faɗa wa yaronsa. Wasu kuma sun dogara da Larabci, musamman a Yiwu inda ake samun tafintoci Musulmi 'yan ƙabilar Hui da suka yi karatun Larabci. Hanya ce mai kyau, amma har yanzu mutum na uku ne a tsakani.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. Kano da Kaduna sun ga yadda masaƙu suka mutu, dubban ma'aikata suka koma gida, atamfa da shadda masu araha daga Sin suka cika kasuwa. Ba su kaɗai suka kashe masaƙun ba, rashin wuta da fasa-ƙwauri sun yi nasu, amma ciwon yana nan. A 2012 jami'an shige da fice sun kama 'yan Sin 45 a Kano bisa zargin shiga harkar sayar da yadi ba bisa ƙa'ida ba. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, an ga hotunan 'yan Afirka, ciki har da 'yan Najeriya, da aka fitar daga gidaje da otal-otal a Guangzhou suna kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ransa. Mai tuna waɗannan yana da hujjar tambayar dalilin da zai sa a ƙara buɗe masu ƙofa. Amsar ita ce ƙofar a buɗe take tun tuni, kuma wanda ba ya jin harshen shi ne ya fi cutuwa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan al'amura. Wanda aka kora daga masauki yana buƙatar bakin da zai yi wa ɗan sanda bayani. Jami'in kwastam da na ma'adinai da na ƙwadago da ke sa ido a kan kamfanonin baƙi suna buƙatar karanta takardunsu da kansu.

Cibiyoyin Confucius ma ba su tsira daga suka ba. An rufe da yawa a Amurka, Suwidin ta rufe nata gaba ɗaya, bisa zargin cewa hannun gwamnatin Sin ya yi yawa a cikin harkar jami'o'i. Darasin da ke ciki shi ne duk jami'ar da za ta karɓi irin wannan cibiya ta karanta yarjejeniyar da kyau, ta riƙe ikon tsara manhaja da ɗaukar malamai, ta kuma sa horar da malamai 'yan gida a gaba, don kada ranar da baƙin suka tafi ajin ya tafi da su.

Wa ya kamata ya buɗe ajin

Ba sai an jira Beijing ko Abuja ba. Jami'ar Bayero da sauran manyan makarantun Kano suna da sassan harsuna, suna da ajujuwan da ke zama a rufe da yamma, suna da ƙwarewar gudanar da karatun wucin gadi. Abin da ake buƙata a farko kwas ne na takardar shaida, na yamma ko na ƙarshen mako, a wurin da ɗan kasuwa zai iya zuwa bayan la'asar, tare da neman a mayar da Kano cibiyar rubuta HSK don kada ɗalibi ya kashe kuɗin mota da na masauki kafin ya zauna jarrabawa. Malamai suna nan. 'Yan Arewa da suka yi karatu a Sin suka dawo suna da yawa, abin da ya rage a tantance su, a ba waɗanda suka cancanta horon koyarwa, a biya su abin da zai hana su gudu a tsakiyar zango.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi kowa ikon fara wannan gobe. Ƙungiyar Kantin Kwari ko cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA za ta iya ɗaukar ɗaki ɗaya da malamai biyu da kuɗin da bai kai asarar kwantena ɗaya ba. Kowane babban ɗan kasuwa yana da yaran shago da 'ya'yan da yake shirin miƙa wa harkar. Idan shi ya ga girma ya hana shi zama a benci, ya tura su. A ware aji na mata, domin su ne ke ƙara yawa a harkar saro kaya ta waya, kuma da yawansu ba za su zauna aji ɗaya da maza da dare ba. Sannan a rubuta ɗan littafi da Hausa, wanda misalansa za su fito daga rasit da takardar lodin kaya da hirar farashi, ba daga hirar ɗalibin da ke neman ɗakin karatu a Beijing ba. Masana Hausa da za su yi wannan aiki tare da masu Sinancin suna cikin garin.

Baje-kolin Kanton, wanda 'yan kasuwar Kano da yawa ke halarta a Guangzhou, sau biyu ake yin sa a shekara, ɗaya ya fara a Afrilu, ɗaya a Oktoba. Tsakaninsu wata shida ne. Ajin da ke zama sau uku a mako, awa ɗaya da rabi kowane zama, zai tara sama da awa 100 a wannan tsakani. Hakan ba zai mayar da kowa tafinta ba, amma ya isa yaron shago ya ji farashi da kunnensa, ya ƙirga da wàn ba tare da ya rikice ba, ya kuma duba takarda ya gaya wa maigidansa wane dìngjīn aka rubuta kafin a tura kuɗi.